Dick Tiger: Ɗan Damben da Ƙasa Ta Ɗauka a Ka, Ta Kuma Sauke Shi

Yaran unguwar nan da ke hana idonsu barci duk daren da Anthony Joshua zai yi dambe, da yawansu ba su san an taɓa yin damben kambun duniya a cikin garin nan na Badun ba. An yi kuwa. Ranar Asabar ce, 10 ga Agusta, 1963, a filin wasa na Liberty da ke wajen Oke-Ado, wanda yanzu ake kira filin Obafemi Awolowo. Mutum wajen 30,000 suka cika filin, suka ga ɗan Najeriya ya yi wa Ba'amurke dukan da bai ƙara shiga dambe ba daga ranar. Sunan ɗan Najeriyan na yanka Richard Ihetu, amma duniya da Dick Tiger ta san shi.

A ranar nan babu wanda ya tsaya tambayar ƙabilarsa. Bayan shekara huɗu kacal, sai ga mutumin nan sanye da kakin sojan Biyafara, gwamnatin ƙasarsa na kallonsa a matsayin ɗan tawaye. Da aka ƙara wasu shekaru huɗun, ya riga ya bar duniya yana da shekara 42. Labarinsa ya shafe mu ta fuska biyu. A garin nan ya kai ƙarshen ɗaukakarsa, sannan kusan duk rayuwarsa zaman baƙunci ya yi, yana neman abinci a garin wasu, kamar yadda iyayenmu suka yi, mu ma muke yi.

Daga Amaigbo zuwa kasuwar Aba

An haife shi ranar 14 ga Agusta, 1929, a Amaigbo, wani gari a ƙasar Ibo wanda yau yake cikin Jihar Imo. Gidan manoma ne, ba masu hali ba. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, karatun boko bai yi nisa ba, sai ya koma Aba wurin 'yan'uwansa domin ya koyi neman na kansa. Wanda ya san Aba ya san garin kasuwa ne, kowa sauri yake yi. Nan yaro ya yi ta buga-buga, ga aike, ga tsintar kwalabe yana sayarwa. Masu tarihinsa sun ce a bakin famfon unguwa aka fara sanin nauyin hannunsa, domin ɗiban ruwa a lokacin sai mai ƙarfi, wanda bai iya tsayawa ba sai ya koma gida da bokiti a bushe.

Damben boksin Turawa ne suka kawo shi ƙasar nan, ya shigo ta barikin soja da makarantu da ƙungiyoyin matasa na birane. Ya sha bamban da namu na gargajiya, inda ake ɗaure hannu ɗaya da zare, a yi turmi uku, wanda ya kai ƙasa an kashe shi. A boksin hannu biyu ake sa wa safa, kowane turmi minti uku ne, kuma a zamanin da muke magana turmi 15 ake yi idan damben kambun duniya ne. Wanda ya faɗi, alƙali zai ƙirga masa goma, in ya tashi a ci gaba. In an kai ƙarshe babu wanda ya kwanta, maki ake dubawa. Kuma ba a haɗa ƙato da siriri, kowa da ajin nauyinsa. Richard ya faɗo a ajin matsakaita, wato waɗanda nauyinsu bai wuce kilo 72 da rabi ba.

A 1952 ya mayar da dambe sana'a. An ce wani Bature ne ya ga yadda yake zabura yana kai wa abokin karawarsa hari, ya laƙaba masa Tiger, wato damisa a bakinmu. Dick kuma gajarta sunan Richard ne irin na Turawa. Cikin shekara uku ya zagaye 'yan damben Gabas da na Legas, ya ci da yawa, an ci shi kaɗan, har ya ga in dai abinci yake nema da hannunsa, to sai ya ƙetare teku.

Sanyin Liverpool

A wancan zamani jiragen ruwan kamfanin Elder Dempster ne ke zirga-zirga tsakanin Legas da Liverpool, shi ya sa garin ya zama zangon 'yan Afirka ta Yamma a Ingila. Can Hogan Bassey, mutumin Kalaba, ya riga shi sauka yana dambe. Tiger ya isa a 1955.

Baƙunci bai zo masa da sauƙi ba. Ga sanyi, ga abincin da bai saba ba, ga alƙalan Ingila da suka fi son mai tsayawa nesa yana ɗan taɓa fuska yana tara maki, shi kuwa kutsawa ya iya. Dambe huɗu na farko da ya yi a Ingila, duk huɗun aka ci shi da maki. Abin da ake biyansa bai isa ci da haya ba, sai ya kama aiki a wata masana'antar fenti, ya yi aiki da rana, da yamma ya tafi motsa jiki. Da wani ne, da ya tattara ya dawo gida. Amma duk wanda ya taɓa fita ci-rani ya san nauyin komowa hannu rabbana.

Ƙofar ta buɗe a watan Mayu na 1957. Akwai wani saurayi ɗan Landan, Terry Downes, wanda masu kuɗi ke renonsa don ya zama zakara. Suna neman wanda zai doka cikin sauƙi sunansa ya ƙara fita, sai suka ɗauko baƙon nan na Liverpool da aka sha ci. Ashe sun ɗebo ruwan dafa kansu. Tiger ya kai shi ƙasa, ya fasa masa fuska, dole aka tsayar da wasan. Downes ɗin nan fa ba rago ba ne, domin a 1961 shi ma ya riƙe kambun duniya.

Wata guda bayan haka, a Yunin 1957, Hogan Bassey ya doke Cherif Hamia a birnin Paris, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya ci kambun duniya. Shi kuma Tiger, ranar 27 ga Maris, 1958, ya kwantar da Pat McAteer a turmi na tara a Liverpool, ya karɓi kambun Daular Birtaniya na ajin matsakaita. Mai fenti ya zama zakaran ƙasashen Sarauniya gaba ɗaya.

Amurka da kambun farko

Kuɗin dambe da manyan 'yan dambe a Amurka suke, don haka a 1959 ya sake naɗe tabarmarsa ya koma New York, yana dab da shekara 30, shekarun da wasu ke shirin ajiye safa. Wani gogaggen ɗan jarida kuma mai kula da 'yan dambe, Jersey Jones, shi ya riƙe shi. Nan ma sai da ya sake biyan kuɗin baƙunci. Damben farko aka tashi canjaras da Rory Calhoun, na biyu aka ba Calhoun. A 1960 ya je Kanada aka ƙwace kambun daular aka ba Wilf Greaves, kafin shekara ta ƙare ya koma ya karɓo abinsa.

Tiger gajere ne, kakkaura, ƙafafunsa kamar an dasa. Ba ya rawa a dandali, ba ya surutu. Takowa yake yi a hankali, ya bari ka kawo naushi, ya kauce kaɗan ya mayar maka da na hagu mai lanƙwasa kamar lauje, a haƙarƙari ko a muƙamuƙi. Duk wanda ya tsaya su yi musayar naushi, ya shiga uku. Wanda yake ba shi wahala shi ne mai gudu, mai taɓawa ya ja da baya. Wannan lagon nasa ya bi shi har ƙarshen sana'arsa.

A 1961 da 1962 ya bi manyan ajin ɗaya bayan ɗaya, Spider Webb, Florentino Fernandez ɗan Kyuba wanda ya karya wa hanci, da Henry Hank, har babu yadda za a yi a hana shi neman kambu. Mai riƙe da kambun a lokacin Gene Fullmer ne, mutumin Jihar Utah, ƙarfaffa mai ture mutane kamar bijimi. Suka haɗu ranar 23 ga Oktoba, 1962, a San Francisco. Fullmer ya zo da turensa, ya tarar da dutse. Bayan turmi 15 duk alƙalan suka ba Tiger. Suka sake haɗuwa a Las Vegas ranar 23 ga Fabrairu, 1963, wannan karon Fullmer ya canza dabara ya riƙa ja da baya, aka tashi canjaras, kambu ya zauna hannun mai shi. Sai maganar karo na uku ta taso, da tambayar inda za a yi shi.

Ranar Liberty

Kawo damben kambun duniya Najeriya a 1963 ba ƙaramin abu ba ne. Ba a taɓa yin irinsa a Afirka ta Yamma ba, kuma damben Muhammad Ali da George Foreman na Kinshasa, wanda kowa ke ambato, sai bayan shekara 11 aka yi shi. Cif J. M. Johnson, ministan ƙwadago na tarayya wanda harkar wasanni ke hannunsa, shi ya tsaya tsayin daka. Gwamnatin tarayya da gwamnatocin yankuna suka tsaya wa kuɗin, aka ɗauko Jack Solomons, babban mai shirya dambe na Landan, ya tsara wasan. Aka zaɓi Liberty saboda sabon fili ne na zamani, gwamnatin Yamma ta gina shi aka buɗe a 1960.

Sai mun tuna halin da ƙasa take ciki sannan za mu gane darajar ranar. Shekara uku ba ta cika da samun mulkin kai ba, amma tuni tukunya ta fara tafasa. A 1962 rikicin Awolowo da Akintola ya kai har aka yi jifa da kujeru a majalisar dokokin Yamma a nan Badun, aka kafa dokar ta-ɓaci. Ranar da ake damben nan, Awolowo, wanda gwamnatinsa ta aza harsashin filin, yana tsare ana yi masa shari'ar cin amanar ƙasa, kuma a watan Satumba aka yanke masa shekara 10. Ƙidayar jama'a ta 1962 ta jawo zargi tsakanin Arewa da Kudu har aka soke ta. Ita kuwa unguwarmu ta Sabo, wadda aka kafa a 1916, tana da shekara 47 a lokacin, fataucin goro da na shanu na kan ganiyarsa, iyayenmu na kallon rikicin masu gari suna taka-tsantsan.

A cikin wannan hali ne mutumin Gabas ya zo babban birnin Yamma ya kare kambu da sunan ƙasa baki ɗaya, gwamnatin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ke jagoranta na mara masa baya, Gwamna-Janar Nnamdi Azikiwe na zaune yana kallo. Wasan kansa bai yi tsawo ba. Tun daga turmin farko Tiger ya hau Fullmer da naushi, bai ba shi sararin numfashi ba, ya fasa masa fuska jini na zuba. Fullmer jarumi ne, bai faɗi ba, amma da aka gama turmi na bakwai mai kula da shi ya ce ya isa haka. Fili ya ɗauki sowa. Daga ranar Fullmer ya ajiye safa.

A shekarar nan Sarauniyar Ingila ta ba Tiger lambar girma ta MBE. Hotonsa ya shiga jaridu da tallace-tallace, yara a Kano da Legas da Inugu suna dunƙule hannu suna kiran sunansa. Duk wanda yake da dattijo a gida da ya ga zamanin, ya tambaye shi Dick Tiger ya ji.

Faɗuwa da tashi

Wata huɗu bayan Liberty, ranar 7 ga Disamba, 1963, Joey Giardello ya yi masa irin damben da ba ya so a Atlantic City, taɓa ka ja da baya har turmi 15, ya tafi da kambun. Giardello ya yi alkawarin za a sake, amma sai ya yi ta jan ƙafa kusan shekara biyu. Tiger bai zauna jira ba. A watan Mayu na 1965 ya haɗu da Rubin Carter, wanda ake wa laƙabi da guguwa saboda zafin hannunsa, ya kai shi ƙasa sau uku. Ranar 21 ga Oktoba, 1965, a babban zauren Madison Square Garden na New York, ya karɓo kambunsa daga hannun Giardello yana da shekara 36. Mujallar dambe ta The Ring ta zaɓe shi gwarzon shekara sau biyu, a 1962 da 1965.

A watan Afrilu na 1966 Emile Griffith ya raba shi da kambun da maki, hukuncin da 'yan jarida da yawa a wurin ba su yarda da shi ba. Aka ce tsoho ya ƙare. Shi kuwa sai ya haura ajin da ke sama, na masu kilo 79, inda kowa ya fi shi tsawo da nauyi. Ranar 16 ga Disamba, 1966, ya doke José Torres ɗan Puerto Rico ya zama zakaran duniya a aji na biyu. Rabon da a ga zakaran matsakaita ya haura ya ci wannan kambu tun Bob Fitzsimmons a 1903. Da suka sake karawa a watan Mayu na 1967 ya kuma cin Torres, magoya bayan Torres suka fusata suka yi ta ruwan kwalabe a zauren.

Wani abin da ya kamata matasanmu su sani game da shi shi ne yadda ya riƙe kuɗinsa. A New York an san shi da tsimi. Zakaran duniya ne, amma jirgin ƙasa na talakawa yake hawa, masauki mai araha yake kama, ba shaye-shaye, ba 'yan rakiya. Abin da ya samu gida yake aikawa, ya gina gidajen haya, ya buɗe shaguna, ya ɗauki nauyin karatun dangi. Lissafinsa irin na kowane ɗan ci-rani ne mai hankali, a sha wuya a waje, a tara a gida, ranar da ƙarfi ya ƙare a koma a huta. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne gidan kansa zai kama da wuta.

Araba da yaƙi

Nan ne labarin yake da nauyi a bakinmu, amma tarihi ba a cin rabinsa a bar rabi. Ranar 15 ga Janairu, 1966, wasu hafsoshin soja, mafi yawansu 'yan ƙabilar Ibo, suka kashe Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna, suka kashe Tafawa Ɓalewa, suka kashe Akintola a nan Badun, tare da manyan sojojin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Wannan ciwo har yau bai gama warkewa a Arewa ba. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi juyin ramuwa, aka ɗauke Janar Ironsi da Kanar Fajuyi daga gidan gwamnati na Badun aka kashe su a bayan gari. A watan Mayu, sannan a Satumba da Oktoba na shekarar, aka far wa Ibo mazauna garuruwan Arewa, Kano, Kaduna, Zariya, Jos da sauransu, aka kashe dubbai. 'Yan kasuwa ne, da makanikai, da akawuna, da ma'aikatan reluwe, da matansu da 'ya'yansu, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mutum fiye da miliyan ɗaya suka gudu Gabas. A Gabas ɗin ma aka huce a kan 'yan Arewa mazauna can, aka kashe wasu, sauran aka kwaso su zuwa gida.

Mu da muke zaune a Sabo ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Sabon Garin Kano da Sabon Badun tsari ɗaya ne na zamanin Turawa, unguwar da aka ware wa baƙi. Abin da ya sami mazauna waccan a 1966 shi ne abin da kowane mazaunin irin wannan unguwa ke tsoro, a yi laifi a sama, a zo a nemi fansa a kan wanda ya fi kusa, ya kuma fi rauni.

Ojukwu ya ayyana ƙasar Biyafara ranar 30 ga Mayu, 1967, mako biyu bayan damben Tiger da Torres na biyu, kuma a watan Yuli yaƙi ya ɓarke. Tiger bai yi wata-wata ba ya bi mutanensa. Aka ba shi muƙamin laftanan a rundunar Biyafara, aikinsa horar da kuratan soja motsa jiki da ƙarfafa musu gwiwa. Ya riƙa shiga yana fita ta jiragen da ke ratsa takunkumi, ya je Amurka ya yi dambe, ya juyo da kuɗin ga iyali da masu gudun hijira. A gaban 'yan jaridar Amurka ya sha faɗin maganganu masu zafi a kan sojojin tarayya da 'yan Arewa, ya ce kada a ƙara kiransa ɗan Najeriya. Mutumin da aka buga wa taken Najeriya a Liberty, sai ga shi ana buga masa taken Biyafara a New York.

Yaƙin ya shiga har cikin dambensa. Akwai wani dogon Ba'amurke mai mugun naushi, Bob Foster, wanda zakaru ke gudu. Tiger ya ce zai kara da shi in an ba shi dala 100,000, domin yana buƙatar kuɗin. Ranar 24 ga Mayu, 1968, a turmi na huɗu, Foster ya sakar masa naushin hagu ya kwanta, aka ƙirga goma bai gama miƙewa ba. Shi ne karo ɗaya tak da aka ƙirga masa goma a duk rayuwarsa. A watan Satumba garin Aba ya faɗa hannun sojojin tarayya. Dukiyar da ya yi shekaru yana tarawa da jini da gumi, mafi yawanta ta salwanta ko ta fita daga hannunsa.

Bai daina ba, domin ba shi da wata gonar. A watan Oktoba na 1968 ya yi wani dambe da Frankie DePaula, kowannensu ya faɗi sau biyu, Tiger ya ci, aka zaɓi wasan a matsayin damben shekara. A watan Mayu na 1969, yana gab da shekara 40, ya doke Nino Benvenuti ɗan Italiya, wanda ke riƙe da kambun matsakaita a lokacin, sai dai ba a sa kambun a wasan ba. A ƙarshen 1969 ya naɗe lambar MBE ɗinsa ya aika wa ofishin jakadancin Birtaniya da ke Washington ta gidan waya, saboda makaman da Birtaniya ke ba gwamnatin tarayya.

Komawa gida

Yaƙi ya ƙare ranar 15 ga Janairu, 1970, bayan an yi asarar rayukan da ake ƙiyastawa daga 500,000 zuwa miliyan 2, mafi yawansu yunwa ce ta kashe su, yara ne kuma suka fi mutuwa. Janar Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Tiger ya yi dambensa na ƙarshe ranar 15 ga Yuli, 1970, Emile Griffith ya sake cin sa da maki. A lissafi ya yi dambe sama da 80, ya ci wajen 60.

Daga nan zakaran duniya na aji biyu ya kama aikin gadi a wani gidan adana kayan tarihi a New York, domin ciyar da matarsa da 'ya'yansa takwas. Yana wannan aiki ciwon ciki ya kama shi, likitoci suka ce sankarar hanta ce, kuma ta riga ta yi nisa. Sai ya ce a gida yake so ya mutu. Yana tsoron abin da zai tarar saboda maganganun da ya yi lokacin yaƙi, sai da ya nemi tabbaci daga jami'an Najeriya kafin ya taso a 1971. Da ya sauka ba a ɗaure shi ba, amma an karɓe fasfonsa, kuma da ya nemi fita neman magani ba a ba shi dama ba. Ya rasu a Aba ranar 14 ga Disamba, 1971, aka binne shi a Amaigbo. Jama'arsa sun yi cincirindo wurin binne shi, amma gwamnatin da ta taɓa tara kuɗi don a gan shi a Liberty ba ta yi masa wata karramawa ba. A 1991 Amurkawa suka sa sunansa a zauren tunawa da gwanayen damben duniya.

Ba sai mun yarda da ɓangaren da ya bi ba kafin mu ba shi haƙƙinsa. Iyayenmu da yawa sun yi yaƙin nan a ɗaya ɓangaren, wasu ba su dawo ba, kuma ɗorewar Najeriya ƙasa ɗaya ita ce ta ba mu damar zama a Badun da sunan 'yan ƙasa. Amma mutumin nan ba da ƙiyayya ya fara ba. Ya ɗauki tutar ƙasar nan ya kai ta inda ba ta taɓa zuwa ba, sai da aka kashe mutanensa a zaman baƙunci sannan ya juya baya. Da aka far wa namu a Shagamu a 1999, da kuma kasuwar Shasha a 2021, mun ɗanɗana irin abin da ya ji, mun ga yadda ginin shekara talatin ke zama toka a wuni ɗaya.

Saboda haka duk ranar da labari ya zo cewa an taɓa baƙo a Kano ko Kaduna ko Jos, mu mazauna Kurmi ya kamata a fara jin bakinmu muna cewa ba daidai ba ne, mu kira 'yan'uwa a gida mu gaya musu, domin mu muka san zafin abin, kuma a kanmu ake hucewa. Haka nan in an taɓa namu a nan, muna da bakin neman maƙwabta su tsaya mana. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya tsare baƙo duk inda yake neman halalinsa, amin.